Kofin WAFU: Gasar Maƙwabta da Ta Yi Tashe Sannan Ta Ɓace

A shekarar 1989 ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ta doke ASEC ta Abidjan a wasan ƙarshe, ta ɗauki Kofin WAFU. Shekara bakwai bayan nan, a 1996, ƙungiyar sojojin Nijar ta ASFAN ta kai kofin Yamai. Matasa da yawa masu bibiyar ƙwallo a yau ba su taɓa jin sunan wannan gasa ba, alhali ta shafe sama da shekara ashirin tana haɗa ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Tarihinta na nuna cewa gasar yanki tana rayuwa ne muddin akwai gurbin da take cikewa, kuma akwai mai ɗaukar nauyinta. Kofin WAFU ya rasa waɗannan biyun a cikin shekaru goma.

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta Yamma, wato WAFU, a 1975. A shekarar ne kuma aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Legas wadda ta haifi ECOWAS, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo. Zamani ne da shugabannin yankin ke neman abin da zai ɗinke ɓarakar da mulkin mallaka ya bari tsakanin ƙasashe rainon Ingila da rainon Faransa. Da aka fara gasar ƙungiyoyi a 1977, sunan Eyadema aka sa wa kofin, kuma Stade d'Abidjan ce ta fara ɗaukarsa.

Gasar ta sili-ɗaya-ƙwale ce, ana buga wasa gida da waje, wanda ya fi yawan ƙwallaye a wasannin biyu ya wuce. A lokacin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, gasa biyu kawai take shiryawa: ta zakarun lig, da ta waɗanda suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu, wadda aka fara a 1975. Ke nan ƙungiya biyu ce ke fita waje daga kowace ƙasa, sauran kuwa komai ƙarfinsu sai zaman gida. Wannan gurbi Kofin WAFU ya cike, domin ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin da suka yi rawar gani amma ba su zama zakaru ba.

Jerin sunayen waɗanda suka ci kofin ya isa ya bayyana su wane ne ke riƙe da ƙwallo a wancan zamani. ASFA ta Dakar, wadda ta ci a 1978, ta sojoji ce, haka ma ASFAG ta Gini da ta ci a 1988. New Nigeria Bank ta birnin Benin, zakarar 1983 da 1984, ta banki ce. Bendel Insurance, wadda ta ci sau uku a jere daga 1993 zuwa 1995, ta kamfanin inshora ce. Ghapoha ta Ghana, zakarar 1997, ta hukumar tashoshin jiragen ruwa ce. Ita kanta Ranchers Bees asalinta DIC Bees ce, ƙungiyar ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna. Kuɗin jirgi da na masauki daga baitulmalin gwamnati ko aljihun manyan kamfanoni suke fitowa, domin gasar ba ta samar da kuɗin da zai iya riƙe ta.

Ribar da aka samu a 'yan wasa take. Stephen Keshi yana cikin tawagar New Nigeria Bank da ta ci kofin sau biyu. Da hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa a 1985 saboda jinkirin zuwa sansanin horo, sai ya koma Stade d'Abidjan, daga nan Africa Sports, sannan ya haura Beljiyam. Wannan hanya ta Abidjan ta zama turbar da 'yan wasan Najeriya da dama suka bi zuwa Turai. Daniel Amokachi kuwa yana matashi ya fito fili a Ranchers Bees, ya koma Club Brugge a 1990. Tsakanin 1977 da 1999 ƙungiyoyin Najeriya sun ɗauki kofin sau bakwai.

Bugu na farko daga tattalin arziki ya zo. Shirin tsuke bakin aljihu da Najeriya ta fara a 1986 ya karya darajar naira, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 an rushe manyan ƙungiyoyi irin su Leventis United da Abiola Babes. A watan Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi. Tafiya daga Bamako zuwa Legas ta zama nauyin da ƙaramar ƙungiya ba ta iya ɗauka, sai janyewa daga gasa ta yawaita. Yaƙin basasar Laberiya daga 1989 da na Saliyo daga 1991 sun ƙara dagula zirga-zirga a yankin.

Bugu na biyu daga CAF ya zo. A 1992 ta ƙirƙiro gasa ta uku, Kofin CAF, domin ƙungiyoyin da suka zo na biyu a lig, kuma Shooting Stars ta Ibadan ce ta fara cinsa. Gurbin da WAFU ke cikewa ke nan aka karɓe, aka bar mata ƙungiyoyin da ke ƙasa da waɗannan. A 1997 kuma aka sake fasalin gasar zakaru, aka shigo da wasannin rukuni da kuɗin lada. Idan ana ga yaƙi ba a batun ga ƙura: hankalin masu ƙungiyoyi ya koma inda kuɗi yake. ASFA Yennenga ta Burkina Faso ta ci kofin 1999, daga nan gasar ta tsaya. An farfaɗo da ita bayan kimanin shekara goma, Sharks ta Fatakwal ta ci a 2010, amma a 2011 aka raba WAFU gida biyu, shiyyar A da shiyyar B, gasar ta sake kwantawa.

Gabashin Afirka ya bi wata hanya dabam. Gasar ƙungiyoyi ta CECAFA ta samu mai ɗaukar nauyi a 2002, wato shugaban Ruwanda Paul Kagame, kuma ana tara ƙungiyoyin ne a ƙasa ɗaya a gama cikin kimanin mako biyu, abin da ke rage kuɗin tafiya. Duk da ta sha fashi a wasu shekaru, ba ta ɓace ba.

Abin da Afirka ta Yamma ta rasa shi ne matakin tsakiya. A yau ƙungiyar Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ta karawa da maƙwabciyarta ta ƙetaren iyaka sai idan ƙuri'ar CAF ta haɗa su, ko da yake tafiyar mota ce ta 'yan sa'o'i a tsakaninsu. Duk mai son farfaɗo da Kofin WAFU sai ya fara amsa tambayoyin da suka kayar da shi tun farko: wace ƙungiya ce za ta shiga, kuma wa zai biya kuɗin hanya.