Saurare Kafin Hukunci: Tafarkin Sinod da Matar da ke Bencin Baya

Ranar Alhamis 28 ga Maris 2013, kwana 15 da zaɓensa, Fafaroma Francis ya bar manyan majami'un Roma ya nufi gidan yarin kangararrun yara na Casal del Marmo. Dattijo mai shekara 76 ya durƙusa ya wanke ƙafafun matasa 12, ya share da tawul, ya sumbata. Biyu daga cikinsu 'yan mata ne, akwai kuma Musulmi. Ƙa'idar wannan ibada a lokacin maza kaɗai ta ambata, shi ya sa masu tsaron dokokin ibada suka yi ta gunaguni. Sai a Janairun 2016 aka gyara rubutun ya dace da abin da aka riga aka gani. Wannan jeri, aiki a gaba doka na biye, shi ne mabuɗin fahimtar abin da ake kira ruhaniyar Katolika mai neman sauyi.

Masu nazari da dama, musamman a Turai da Amurka, suna auna wannan ruhaniya da jerin buƙatu: a naɗa mata, a bar firistoci su yi aure, a sassauta wa waɗanda suka rabu suka sake aure. Ni ina ganin ginshiƙinta ya fi wannan jerin zurfi. Horo ne na saurare, wato mai iko ya yi shiru har wanda ke bakin ƙofa ya gama magana. In haka ne, ba za a iya auna nasararta daga Roma ko Jamus kaɗai ba, domin wanda ke bakin ƙofa a birnin Kolon na Jamus daban yake da wanda ke bakin ƙofa a karkarar Malumfashi.

Tushen lamarin yana komawa ga Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda Fafaroma John na 23 ya buɗe a 1962, aka rufe a 1965. A kundinta na Lumen Gentium, na 1964, an sa babin da ke magana a kan jama'ar Allah gaba da babin da ke magana a kan bishop-bishop. Ba kuskuren tsari ba ne. Ma'anarsa ita ce baftisma ta riga muƙami, kuma mai sharar coci da kadinal ƙofa ɗaya suka shigo. Bishop-bishop na Latin Amurka suka ɗauki wannan tunani zuwa taron Medellin a 1968, Gustavo Gutierrez na ƙasar Peru ya ba shi siffar ilimi a littafinsa na 1971, Oscar Romero kuwa ya biya da jininsa a bagade ranar 24 ga Maris 1980. A Gabashin Afirka, tun shekarun 1970 bishop-bishop suka mai da ƙananan zumuntar unguwa ƙashin bayan aikinsu. Taron bishop-bishop kan Afirka na 1994 ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da kunnenmu: Ikilisiya iyalin Allah ce.

Amma inda wannan ruhaniya ta fito fili a matsayin hanya da ake iya koyo shi ne taron Sinod da aka fara a Oktoban 2021 aka kammala a Oktoban 2024. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta tafiya tare a hanya ɗaya. An fara da tambayar jama'a a majami'u, majalisun bishop-bishop 112 cikin 114 suka aika rahoto, nahiyar Afirka ta yi nata zaman a Addis Ababa a Maris 2023. Da aka haɗu a Roma a Oktoban 2023, ba a zauna a ɗakin da kujeru ke hawa-hawa bisa muƙami ba. An jera teburori masu zagaye a babban zauren Paul na 6, kowane tebur mutum goma sha wani abu. Kadinal na gefen ɗaliba, sista na gefen akbishop. Mata 54 suka jefa ƙuri'a, karo na farko a tarihin wannan majalisa.

Yadda ake magana a teburin ya fi tsarin zaman muhimmanci. Zagaye na farko, kowa yana da 'yan mintoci ya faɗi abin da ke ransa, ba mai katse shi, ba mai ba shi amsa. Sai a yi shiru na addu'a. Zagaye na biyu, ba a yarda ka maimaita ra'ayinka ba. Abin da ya taɓa ka a maganar wani za ka faɗa. Sai a sake yin shiru. A zagaye na uku ne ake neman inda aka haɗu da inda aka rabu, kuma a rubuta duka biyun. Hanyar ta samo asali daga al'adar Ignatius na Loyola ta bambance motsin zuciya. Wanda ya taɓa zama a taron kwamiti, inda kowa ke wasa wuƙarsa yayin da ɗan'uwansa ke magana, ya san nauyin zagaye na biyun nan. Wuyarsa ita ce sai ka bar maganar wani ta shige ka kafin ka sami abin faɗa. A nan nake ganin ibada, domin mutum ba ya iya wannan sai ya yarda cewa Ruhu Mai Tsarki na iya magana ta bakin wanda bai kai shi karatu ba.

Masu adawa suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in aka mai da koyarwa abin tattaunawa, gobe ƙuri'a ce za ta yanke abin da ke gaskiya. Suna nuni da taron Katolikan Jamus na 2019 zuwa 2023, wanda Vatikan kanta ta ja masa kunne fiye da sau ɗaya. Amsata ita ce saurare bai taɓa zama baƙo a Ikilisiya ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin gwaurayen mata masu jin Girkanci da ake tsallakewa wajen rabon abinci. Da ƙorafi ya kai ga manzanni, sabon muƙami aka ƙirƙiro. A sura ta 15, da rikici ya tashi kan ko sai an yi wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya, an saurari waɗanda suka dawo daga fagen aiki kafin a yanke. Ba a bar bangaskiya ba, an dai gane cewa wani kaya da aka ɗora wa mutane ba na bangaskiya ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai ƙorafi mai ƙarfi. An buɗe wa mata hidimar karatu da ta bagade a hukumance a Janairun 2021. Sista Nathalie Becquart ta zama mataimakiyar sakataren Sinod a Fabrairun shekarar. Sista Simona Brambilla ta zama mace ta farko da ta shugabanci wata ma'aikatar Vatikan a Janairun 2025. Duk da haka sakin layi na 60 na takardar ƙarshe ta Sinod, wanda ya yi magana a kan mata ya kuma bar batun naɗa su dikon a buɗe, shi ya fi kowane shan ƙuri'ar ƙi: 97, a kan 258 da suka amince. Matan da suka ce an saurare su an kuma ajiye maganarsu a aljihu ba su yi ƙarya ba.

Yanzu mu zo gida. Kusan kashi 20 cikin 100 na Katolikan duniya a Afirka suke. Ranar 18 ga Disamba 2023 Vatikan ta fitar da Fiducia Supplicans, takardar da ta halatta wa firist ya sa albarka, ba a cikin tsarin ibada ba, ga ma'auratan da zamansu bai cika ƙa'ida ba, har da masu jinsi ɗaya. Ranar 11 ga Janairu 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, da sunan ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaska, ya sanar cewa ba za a sa wa masu jinsi ɗaya wannan albarka a majami'un Afirka ba, kuma da sanin Fafaroma ya fitar da sanarwar. Jaridun Turai suka ɗauka an gama: Afirka ce birkin sauyi. Sun manta cewa a zaman Sinod na Oktoban 2023 an ɗora wa wannan ƙungiya nauyin nazarin yadda za a raka masu auren mace fiye da ɗaya, kuma Ambongo ɗin ne ya tsaya a zaman 2024 ya ba da rahoton inda aikin ya kai. Hujjar da ya kafa ita ce koyarwar mace ɗaya tana nan daram, amma ba za a yar da mutanen ba. Wannan ita ce ainihin hujjar da masu kare Fiducia Supplicans suka kafa. Laifi tudu ne. Bature yana ganin wanda aka bari a ƙofarsa bai ga namu ba, mu ma haka. Ban ce batutuwan biyu ɗaya ba ne a tauhidi ko a al'ada. Abin da na ce shi ne duk wanda ya nemi a bambance tsakanin koyarwa da mutumin da ke tsaye a gabansa, ya riga ya yarda da tushen wannan ruhaniya, ko da bai so sunanta ba.

Batun auren mace fiye da ɗaya ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne dokar ke taɓa fata. Doka ta 1148 a kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ta ce mutumin da yake da mata da yawa kafin baftisma, in zama da uwargida ya yi masa wuya, yana iya riƙe ɗaya daga cikinsu ya sallami sauran, kuma bishop ya tabbatar an biya wa waɗanda aka sallama buƙatunsu bisa adalci. Asalin wannan sassauci ya kai ga hukuncin Fafaroma Paul na 3 a 1537. Dubi wanda dokar ke magana da shi. Miji ne ke zaɓa. Matan, a rubuce, abin da ake zaɓa ne ko a sallama.

Ka ɗauki gidan manomi a cikin Maguzawan Katsina ko Kano, inda bishara ta samu mutane da aurensu a ɗaure. Mace ta biyu ta shigo gidan tana budurwa, bisa al'adar da iyayenta suka sani, ba ta saɓa wa kowa ba. Ta haifi 'ya'ya, an yi musu baftisma, wani ma yana hidima a bagade. Ita ce ke zuwa da tsintsiya ranar Asabar, ita ke cikin Zumuntar Mata da anko da tulun kiɗa, ita ke kai kwanon dawa ranar godiyar kaka. Lokacin karɓar Jibin Ubangiji, mutane suka tashi suka yi layi, sai ta janye ƙafafunta a bencin baya don su wuce. Hanyar da aka buɗe mata zuwa ruwan baftisma sau da yawa ita ce ta bar ɗakinta, ko ta jira mutuwar miji ko ta kishiya. In ta bar ɗakin, ina za ta? Gonar ta miji ce, 'ya'yan na gidan uba ne. Addinin da ke kare aure ya wayi gari yana neman a raba uwa da murhunta kafin ya karɓe ta. Cocin Angilika ta yi fama da wannan tambaya shekara ɗari, daga taron Lambeth na 1888 da ya ƙi, zuwa na 1988 da ya yarda a yi wa irin wannan gida baftisma bisa sharuɗɗa. Ba lallai Katolika ta bi sawun ba, tauhidin aurenta daban ne. Amma ba ta da uzurin yanke hukunci ba tare da ta ji daga bakin matar ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kayan aikin sauraren suna nan a ƙasa. Katekis, wanda Fafaroma Francis ya mai da aikinsa hidima ta hukuma a Mayun 2021, shi ke kwana a ƙauyen da Fada ke zuwa sau ɗaya a wata. Ya san kowane gida da tarihinsa. Zumuntar Mata ta san abin da mace ba za ta faɗa a gaban maza ba. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko, Bahaushe da ba ya buƙatar tafinta tsakaninsa da waɗannan gidaje. Akwai kuma wani dalili da ya sa lamarin ya fi nauyi a nan: maƙwabcin Bakatolike a ƙasar Hausa Musulmi ne, wanda addininsa ya halatta mata huɗu, kuma sau da yawa ɗan'uwa ne na jini. Yadda coci ta bi da mace ta biyu, a idon dangi ake yinsa.

Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025. Kafin nan ya yi abin da ba a saba ba: bai rubuta tasa takardar a kan sakamakon Sinod ba, ya amince da wadda taron ya zartar ranar 26 ga Oktoba 2024 a matsayin koyarwarsa. Takardar ta nemi majalisun shawara na majami'u su zama wajibi, su kuma yi aiki na gaske. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025, ya zauna a waɗancan teburori yana kadinal, kuma an tsara babban taron duba aiwatarwa a 2028. Tsakanin yanzu da lokacin, abin da ya rage a hannun kowace majami'a ƙarami ne kuma mai yiwuwa: a kafa majalisar, a sa mata a ciki ba don dafa abincin taro ba, a bi zagaye ukun nan da Hausa, kuma in an zo batun gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, a aika a kira matar daga bencin baya, a ba ta mintocinta, Fada da katekis da mijinta su yi shiru har ta dasa aya.