Kaluluwa, daji, dashe: sunayen da mai limfoma ke rayuwa da su

Sunan farko da mai wannan ciwo yake ji, tun likita bai gan shi ba, shi ne kaluluwa. Kowa ya san ta: ƙurji ya fito a ƙafa ko haƙori ya ruɓe, sai ɗan ƙullutu ya taso a matsematsi ko a wuya, ya yi zafi kwana kaɗan ya sace. Abin da ke kumburan wasu ƙananan matatu ne da ke jere a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, inda fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki suke taruwa. Idan wani jinsi na ƙwayoyin nan ya rikice ya shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, shi ne limfoma. Kaluluwarta sau da yawa ba ta zafi, kuma ba ta sacewa. Takan zo da zazzaɓi da rama da gumin dare mai jiƙa shimfiɗa. Rashin zafin nan ne ke sa a kwashe watanni ana cewa ai kaluluwa ce, za ta tafi.

Da an ɗebi tsoka an auna, sai suna na biyu ya shigo gida, wato daji, ko sankara. Ina jin nauyin kalmar nan, domin tana zuwa da kayanta. Har yanzu akan ji ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, alhali limfoma tana cikin nau'o'in sankarar da maganin asibiti ya fi tasiri a kansu, kuma mafi yawan maganin ta jijiya ake ba da shi.

Ita kalmar limfoma haɗi ce: rabin farko daga Latin, ma'anarsa ruwa garai, saboda ruwan da ke bi ta matatun, ƙarshenta daga harshen Girka, alamar kumburi. Likitoci kuma sun raba ta gida biyu da sunan mutum ɗaya. Thomas Hodgkin, likita a asibitin Guy's na Landan, shi ya bayyana wasu majinyata masu kumburin kaluluwa da saifa a 1832, sai Samuel Wilks ya laƙa wa ciwon sunan Hodgkin a 1865. Duk wadda ba irin tasa ba sai aka kira ta "wadda ba ta Hodgkin ba". Suna ne da bai faɗi komai ba sai abin da ciwon bai zama ba, ga shi kuwa nau'o'i fiye da 60 ne limfoma, wasu na rarrafe shekara da shekaru, wasu na ninkuwa cikin kwanaki. Cikin masu saurin akwai wadda ta shafe mu kai tsaye: ta Denis Burkitt, wanda ya bayyana ta a 1958 a Yuganda bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi. Ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. Saboda haka wanda aka ce yana da limfoma bai gama jin sunan ciwonsa ba sai ya tambaya: wacce iri?

Inda suna ya fi rikita mutane shi ne ranar da likita ya ce za a yi dashe. Galibi ana kai wa nan ne idan ciwon ya dawo, ko ya ƙi jin maganin farko. Kunnenmu ya saba da dashen ƙoda, sai hankali ya tafi kan wuƙa da ɗakin tiyata da neman wanda zai ba da kyauta. "Dashen ɓargo" ma da muke ji, musamman game da masu sikila tun bayan wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, yana sa a zaci za a fasa ƙashi. A yawancin masu limfoma ba a yanka, kuma ba a karɓar komai daga kowa.

Dashen manomi ya fi kusa da gaskiyar abin. Mai albasa yakan reni iri a gefe, ya gyara fili, sannan ya dasa. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali, waɗanda daga gare su jini duka yake tsira, ja da fari da masu tsayar da zubar jini. Za a yi wa majinyaci allura na 'yan kwanaki don su fito cikin jini, na'ura ta tace su ta mayar masa da sauran jininsa, a daskarar da su a ajiye. Sai a ba shi magani mai ƙarfin da zai kashe ciwon, amma ya ƙone ɓargon tare da shi. Daga nan a mayar masa da ƙwayoyinsa ta jijiya, kamar ƙarin jini, su nemi hanyarsu zuwa ƙashi da kansu. Wato maganin ne ke yaƙar limfomar, dashen kuwa ceto ne daga ɓarnar maganin. Wanda ya gane haka ba zai firgita ba idan ya ga kwanakin da suka fi wuya sun zo bayan dashen: gyambon baki, gudawa, zubewar gashi, da jikin da ba shi da garkuwa, har 'yan dubiya ma sai an taƙaita su.

Lissafin kwanakin ma nasa ne daban. Ranar dashe ita ce ranar sifiri, kwanakin maganin da ke gabanta ana ƙirga su da baya-baya, sannan a shiga jiran dashen ya kama, abin da yakan ɗauki kimanin kwana 10 zuwa 14.

Akwai dashe na biyu, wanda ake karɓar ƙwayoyin daga wani, kuma a nan kalmar ɗan'uwa ce ke buƙatar tankaɗe. A wurinmu ɗan baffa da ɗan goggo da ɗan turaka duk 'yan'uwa ne. Wanda likita ya fara nema shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ma damar ya dace cif ɗaya ce cikin huɗu. Gida na iya cika da 'ya'ya ashirin a rasa wanda ya dace gaba ɗaya, kuma ba laifin kowa ba ne. Iyaye da 'ya'ya dacewarsu rabi ce, yanzu kuma ana yin dashe da masu rabin.

Bayan an sallamo majinyacin, dangi za su ce ya warke, Alhamdulillahi. Likita kuwa zai ce ciwon ya lafa, ma'ana hoto da gwaji ba su ga alamarsa ba, kuma zai ci gaba da kiransa asibiti shekaru kafin ya yarda ya furta warkewa. A cikin wannan tsakanin akan sake yi masa alluran rigakafin da aka yi masa yana jariri, domin sabuwar garkuwar tasa ta manta da su.