Kafuwar Kaduna, 1913 zuwa 1930: Nazari a kan Garin da Ba Shi da Ganuwa

Gabatarwa

Galibin garuruwan da Turawan Ingila suka mulka a Arewa sun tarar da su ne da sarakunansu da kasuwanninsu. Kano da Katsina da Zariya sun girmi zuwansu da ɗaruruwan shekaru, Gumel ma tana da gidan sarautarta na Mangawa tun ƙarni na 18. Kaduna kuwa a takarda aka fara zana ta kafin a aza tubali. Wannan nazari zai duba abin da ya sa masu cewa suna mulki ta hannun sarakuna suka gina wa kansu helkwata inda babu fadar sarki ko ɗaya, da irin garin da wannan zaɓi ya haifar.

Helkwata mai yawo

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja. Daga nan helkwata ta koma Jebba, a 1902 kuma ta koma Zungeru. Duka ukun garuruwan bakin kogi ne, domin a lokacin ta ruwa ake kawo soja da harsashi da wasiƙu. Daga Zungeru aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairu 1903 da Sakkwato a watan Maris. A shekarar ce Gumel ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba, Haɗeja kuwa sai a 1906 aka karya ta da bindiga.

Da aka gama cin ƙasa sai buƙata ta sauya. Zungeru akwai zafi da sauro, ga ta nesa da manyan masarautun da haraji da jangali ke fitowa. Layin dogo da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, kogi ya daina zama babbar hanya. Da Lugga ya dawo a 1912 don haɗe Kudu da Arewa, sai ya sa ido a kan wurin da layin ya ƙetare Kogin Kaduna, kimanin kilomita 80 kudu da Zariya.

Dalilan zaɓen wurin

Dalilan da ke a fili su ne ruwa, da tudu mai ɗan sanyi, da jirgin ƙasa, da fili mai yalwa. Akwai kuma dalilin siyasa, wanda ya fi su nauyi. Da an ajiye Gwamna a Kano, da Sarkin Kano ya zama maƙwabcinsa, sauran sarakuna kuma su ga an fifita shi a kansu, har da Sarkin Musulmi da Shehun Barno. Sannan zaman Gwamna da bataliyoyinsa a gindin ganuwa zai tona asirin wanda ke da iko na gaskiya, alhali tsarin ya dogara ne a kan talaka ya riƙa ganin dogari da alƙali da hakimi. Saboda haka aka nemi wurin da ke tsakiya amma ba gidan kowa ba.

Sai dai wurin ba kufai ba ne. Ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu, a cikin ƙasar Zazzau, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Dokar ƙasa ta 1910 ta riga ta sa filayen Arewa duka a hannun Gwamna, don haka karɓe wurin bai buƙaci ciniki da kowa ba.

Soja suka riga kowa

A 1913 aka fara kwaso sojoji zuwa sabon barikin. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sojojin suka tafi Kamaru, kuɗi ya yi ƙaranci, gini ya ja baya. Sai a 1917 ofisoshin gwamnati suka kammala ƙaura daga Zungeru. Burin Lugga na mayar da Kaduna helkwatar Najeriya baki ɗaya bai cika ba, Legas ta riƙe matsayinta.

Tsarin garin ya bi ƙa'idar wariya da dokar birane ta 1917 ta tabbatar. Unguwar Turawa tana tudu da manyan filaye da layukan itatuwa. Tsakaninta da mazaunin baƙar fata an bar fili yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidajen 'yan ƙasa. Bayan wannan fili sai gidajen akawuna da ma'aikatan reluwe, yawancinsu daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Lebura da kuku da boyi da mai wanki da 'yan koli, waɗanda da guminsu aka sare dajin, su aka tura gefe, inda unguwanni irin su Tudun Wada suka tsiro.

A nan ne Kaduna ta saɓa wa tsarin da aka kafa ta don ta shugabanta. A masarautu Bature yana laɓewa bayan sarki, a Kaduna kuwa jami'in Bature ne da kansa ke raba fuloti, yana hukunci, yana korar wanda aka ce ba shi da aikin yi. Kowa baƙo ne a idon doka, har mutanen da aka tarar a wurin.

Yadda ikon ya isa Gumel

Mutumin Ɗanzomo ko Sule Tankarkar a ƙasar Gumel na wancan zamani wataƙila bai taɓa ganin Kaduna ba, amma hukuncinta yana iske shi har gona. Umarni yana tashi daga ofishin Mataimakin Gwamna zuwa Razdan na Lardin Kano, daga shi zuwa Di'o, sannan Sarkin Gumel, sai hakimi da dagaci. Haraji kuma ya bi hanyar ya koma, a raba shi tsakanin baitulmalin En'e da gwamnati. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ta mayar da Maigatari bakin ƙasa, ta kuma juya fuskar yankin daga Damagaram da Barno zuwa kudu. Layin gabas daga Fatakwal ya haɗu da na Legas a Kaduna a 1927. Zuwa 1930 reshen Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa, gyaɗa da fatu suka sami hanyar teku.

Kammalawa

An kafa Kaduna ne don Bature ya yi mulki daga inda babu sarkin da zai ce a ƙasarsa ake. Rashin mai gida ɗin nan ya jawo mata mutane daga ko'ina, shi ya sa kuma ta dace da zama helkwatar Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Amma tambayar da Turawa suka kauce wa a 1913, wato garin wa ne, ba su bar mata amsa ba. Rabon unguwanni bisa asali da gardamar ɗan ƙasa da baƙo da Kaduna ke fama da su suna da saiwa a wancan zane na farko, duk da cewa siyasar bayan 'yancin kai ta ƙara musu nata kason.