Inuwar giginya: rayuwa da mutuwar Henri Pélissier

Kowace ranar 1 ga watan Mayu ƙungiyoyin ƙwadago suna fitowa maci a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a karanta koke-koken ma'aikata, a watse. Ni kuwa duk sa'ad da ranar ta zagayo sai in tuna da wani ɗan tseren keke na ƙasar Faransa, Henri Pélissier, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa da masu gasa a kan haƙƙin ƴan tsere, kuma aka harbe shi a ɗakin girkin gidansa ranar 1 ga Mayu 1935. Matar da yake zaune da ita ce ta harbe shi, kotu kuma ba ta tura ta gidan kaso ba. Dalilin haka shi ne abin da nake son mu duba.

An haifi Pélissier a birnin Paris a watan Janairu 1889. Mahaifinsa mutumin yankin Auvergne ne, ya zo birni yana kiwon shanu yana sayar da madara. Ƴaƴansa maza huɗu duk sun hau keke: Jean ya mutu a yaƙin duniya na farko, Henri da Francis da Charles kuwa suka yi suna. Henri ne ya fara buɗe musu hanya. Ya ci gasar Lombardiya ta Italiya a 1911, ya ci Milan zuwa San Remo a 1912, a 1914 kuma ya zo na biyu a gasar zagaye Faransa, wato Tour de France, tazarar da ke tsakaninsa da Philippe Thys na Beljiyam ba ta kai minti biyu ba.

Wanda ya saba kallon wannan gasa a telebijin yau, da motoci na biye da ƴan tsere ɗauke da kekunan canji, zai sha wuyar gane yadda take a wancan zamani. Jaridar wasanni mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro ta a 1903 don ta samu masu saye, shugaban jaridar, Henri Desgrange, shi ne uban gasar, shi ne kuma mai kafa doka. A ganinsa wahala ita ce kayan sayarwa: in ƴan tsere suka jigata, jarida ta yi kasuwa. Zango ɗaya yakan haura kilomita 400, ana tashi tun cikin dare, hanyoyin duwatsu ba kwalta. Keken da ya lalace, mai shi ne zai gyara da hannunsa. Kafin 1937 ba a yarda da na'urar canza giya ba, saboda haka in mutum ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance ƙafar baya, ya juya ta, ya ɗaure, sannan ya ci gaba. Akwai kuma dokar da ta ce duk abin da ka tashi da shi sai ka isa da shi, ko da tsumma ne.

Pélissier bai iya haɗiye wannan ba. Bayan yaƙi, kamfanonin keke suka haɗe a ƙungiya guda mai suna La Sportive, suka riƙe albashin ƴan tsere a hannunsu, babu inda mutum zai je ya nemi ƙari. Kafin gasar Paris zuwa Roubaix ta 1921, Henri da Francis suka nemi a ƙara musu kuɗi, aka hana su. Suka shiga gasar da ƙashin kansu, Henri ya zo na ɗaya, Francis na biyu. Shekara guda kafin nan, a Tour na 1920, an ci Henri tarar minti biyu don ya jefar da tayar da ta fashe a bakin hanya, sai ya tattara ya bar gasar. Desgrange ya rubuta a jaridarsa cewa wannan mutum bai iya jure wahala ba, kuma ba zai taɓa cin Tour ba.

A 1923 ya ƙaryata shi. Yana da shekara 34, a gasa mai zango 15 da ta haura kilomita 5,000, ya ƙwace rigar nan mai ruwan ɗorawa a zangon Nice zuwa Briançon cikin duwatsun Alpes, bai sake sakin ta ba har Paris. Tun 1912 ƴan Beljiyam ke cinye gasar, saboda haka Faransawa suka ɗauke shi a kai kamar wanda ya ƙwato musu gari.

Abin da ya fi sa sunansa zama a tarihi ya faru a shekarar da ta biyo. A zango na uku na 1924, daga Cherbourg zuwa Brest, an tashi cikin dare da sanyi, Pélissier ya saka riga biyu. Wani jami'in gasar ya zo ba sallama ya ɗaga masa riga don ya ƙirga, gudun kada ya jefar da ɗaya in rana ta yi zafi. Pélissier ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Da suka kai garin Coutances, shi da Francis da abokinsu Maurice Ville suka sauka daga kekuna, suka shiga wani gidan shan kofi kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan ɗan jarida Albert Londres na Le Petit Parisien ya same su. Suka zazzage masa jakunkunansu a kan tebur: hodar iblis, kulorofom, ƙwayoyi iri-iri. Suka gaya masa da waɗannan suke tafiya, da dare ba sa iya barci, farcen ƙafa na zubewa, kuma dabbar da ake yi wa abin da ake yi musu da an hana. Rahoton ya shahara da sunan fursunonin hanya, kuma sunan ya dace da marubucin, don a 1923 shi ne ya fallasa gidan yarin Faransa na Cayenne. Mu ma mun san shi ta wata hanyar: a 1929 ya fitar da Terre d'ébène, inda ya tona aikin tilas da Turawan mulkin mallaka suke sa baƙaƙen fata, musamman a hanyar jirgin ƙasa ta Congo-Océan.

Mai koyar da tarihi dole ya ƙara da wani abu a nan. Shekaru bayan haka Francis ya faɗa cewa sun ɗan ƙara wa miyar gishiri, ganin Londres bai san harkar keke ba. Ko da an rage gishirin, miyar tana nan: an sha ƙwayoyi, an wahala, kuma wannan hira tana cikin na farko da suka fito da maganar shan ƙwaya a wasanni fili.

Zuwa nan labarin jarumi ne, kuma da yawa daga masu ba da shi a nan suke tsayawa. Sai dai zafin zuciyar da ya sa Pélissier ya iya tsayawa gaban Desgrange bai tsaya a bakin hanya ba, ya bi shi har gida. Abokan tserensa sun san shi da girman kai da raina na ƙasa da shi. Da ya bar tsere a ƙarshen shekarun 1920, babu sauran Desgrange da zai yi faɗa da shi, sai na cikin gida. A 1933 matarsa Léonie ta harbe kanta da ƙaramar bindiga. Masu rubuta tarihinsa da dama sun danganta wannan da irin zaman da ta yi da shi. Abin da babu gardama a kansa shi ne bindigar ba ta bar gidan ba, an ajiye ta a aljihun tebur a ɗakin kwana.

Daga baya ya zauna da wata mai suna Camille Tharault, wadda ake kira Miette, ya girme ta da kimanin shekara 20. Suna zaune a wani gida kusa da ƙauyen Dampierre, kudu maso yammacin Paris. Faɗa ya zama abincinsu. Ranar 1 ga Mayu 1935 rigima ta tashi a ɗakin girki, ya zaro wuƙa ya yanke ta a fuska. Ta ruga ɗakin kwana, ta ɗauko bindigar Léonie, ta dawo ta tarar da shi riƙe da wuƙar, ta harba sau biyar. Harsashi ɗaya ya tsinka babbar jijiyar wuyansa. Ya mutu yana da shekara 46. A watan Mayu 1936 aka yi shari'a, Camille ta ce kanta ta kare, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka. A Faransar wancan lokaci, inda mace ba ta da ko ƙuri'a sai a 1944, irin wannan hukunci ga matar da ta kashe gwarzon ƙasa yana nuna nauyin abin da alƙalai suka ji a kan zaman gidan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kanun labarin da jaridar Paris-Soir ta buga bayan kisan, wanda ma'anarsa ita ce mutuwar Pélissier ba ta ba kowa mamaki ba a Dampierre. Ashe maƙwabta sun sani. Sun ji ihu, sun san yadda matar farko ta ƙare, sun ga ta biyu ta shiga gidan. Jaridun da suka ƙirga kowane minti da ya ci a kan dutse, suka buga kukansa a kan riga ɗaya, ba su da abin cewa a kan matan gidansa sai da jini ya zuba. Riga ta samu Albert Londres, Léonie ba ta samu kowa ba.

Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Ƴan tseren da suka zo bayansa sun sha inuwar Pélissier, don sannu a hankali an rage tsawon zanguna, an yarda da canza keke da taimakon makanikai, aka fara kallon ɗan tsere a matsayin ma'aikaci mai haƙƙi. Ba shi kaɗai ya kawo wannan ba, amma yana cikin waɗanda suka fara ɗaga murya a lokacin da ɗaga murya ke jawo asarar abinci. Waɗanda ke gindin itacen kuwa rana ce ta ƙone su. Duka biyun gaskiya ne, kuma tarihin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya yi ƙarya. Ban ga dalilin da zai sa a goge abin da ya yi a Coutances saboda abin da ya yi a Dampierre ba, haka kuma ban yarda a ce wa Dampierre "harkar cikin gida" a wuce ba.

Muna da wata maganar kuma, wadda muka fi yawan fakewa da ita: tsakanin miji da mata sai Allah. Asalinta gargaɗi ne ga mai shiga sharo ba shanu, kada ya hura wutar da ma'aurata za su kashe da kansu. Amma in ana jin duka ta bayan katanga, in an ga wuƙa, in mace ta riga ta mutu a gidan, maganar ta tashi daga hikima ta koma mafakar matsorata. Kuma mutum in ya yi suna, ko ɗan kokawa ne, ko mawaƙi, ko shugaban ƙungiyar ƙwadago, shirun da ake yi masa ya fi na kowa kauri, don kowa na jin kunyar taɓa wanda gari ke alfahari da shi. Mutanen Dampierre sun yi irin wannan shiru, ya ci rayuka biyu, ya bar ta uku da tabo a fuska da gawa a wuya.

Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya tun tana da amfani.