Nosferatu: fim ɗin ban tsoro na 1922 da muhawarar ƙyamar Yahudawa

Nosferatu fim ne na ƙasar Jamus da aka fara nunawa a Berlin ranar 4 ga Maris, 1922. F. W. Murnau ne ya ba da umarni, Henrik Galeen ya rubuta labarin, Max Schreck kuma ya fito a matsayin Orlok, mataccen da ke tashi da dare ya sha jinin masu rai. Turawa na kiran irin wannan halitta "vampire". Ta bambanta da mayen da Hausawa suka sani, wanda mutum ne mai rai da ake zargi da kama kurwa. Fim ɗin ba shi da magana, sai rubutu a allo da kiɗa, kuma yana cikin tushen fina-finan ban tsoro na duniya. Masana tarihin sinima sun daɗe suna muhawara a kan ko siffar Orlok ta ɗauko tsoffin ƙage-ƙagen da Turai ta yi wa Yahudawa.

Labarin a taƙaice

An ɗauko labarin daga littafin Dracula na Bram Stoker (1897) ba tare da izini ba, aka sauya sunaye. A shekarar 1838, wani dillalin gidaje mai suna Knock ya tura yaronsa Hutter zuwa Transilbaniya, a gabashin Turai, don ya sayar wa Orlok gida a garin Wisborg. Orlok ya taho ta jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye. Matuƙan jirgin suka mutu, annoba ta ɓarke a gari, jama'a suka ɗora laifin a kan Knock suka fatattake shi. Ellen, matar Hutter, ta ba da ranta: ta riƙe Orlok a ɗakinta har zakara ya yi cara, hasken rana ya hallaka shi.

Matar marigayi Stoker ta kai ƙara, kuma a 1925 kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata fim ɗin. Wasu kwafi sun tsira, shi ya sa ake kallonsa har yau.

Tsoffin ƙage-ƙage

Zargin ya samo asali ne daga ƙarya biyu da suka girmi sinima da ɗaruruwan shekaru. Ta farko ita ce ƙagen jini. A 1144 aka zargi Yahudawan Norwich, a Ingila, da kashe wani yaro Kirista, sannan a Fulda ta Jamus a 1235 aka ƙara da cewa jinin yara suke nema. Dokar addinin Yahudawa ta haramta cin jini, kuma Fafaroma Innocent na IV ya yi tir da ƙagen a 1247, amma ƙaryar ba ta mutu ba. Ko a 1913 an gurfanar da Mendel Beilis a Kiev a kan irin wannan tuhuma kafin a wanke shi.

Ta biyu ita ce ta annoba. Lokacin babbar annobar da ta auka wa Turai daga 1347, an yaɗa cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. A Strasbourg, cikin Fabrairun 1349, aka ƙona ɗaruruwansu.

Abin da masu suka ke nunawa

Orlok yana da lanƙwasasshen hanci, manyan kunnuwa, dogayen farata da haƙora irin na ɓera. Masu zanen ɓatanci a jaridun Jamus da Faransa sun saba zana Bayahude da wasu daga cikin waɗannan kamannu tun ƙarni na 19. Baƙo ne daga gabas, da kuɗinsa ya sayi gida a tsakiyar gari, ya kawo cuta, ya kuma sa ido a kan matar ɗan gari.

Zamanin da fim ɗin ya fito ya ƙara wa wannan fassara ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Yahudawa masu gudun kisa a gabashin Turai sun shigo Berlin, 'yan siyasar ra'ayin riƙau kuma suna kiransu masu kawo cuta. Watanni uku bayan fitar fim ɗin, a Yunin 1922, aka kashe ministan harkokin wajen Jamus Walther Rathenau, wanda Bayahude ne.

Abin da masu kare fim ɗin ke cewa

Babu inda fim ɗin ya ambaci Yahudawa. Galeen, marubucin, Bayahude ne, haka ma Alexander Granach da ya fito a Knock. Dukansu sun bar Jamus bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933, kuma a Amurka suka rasu. Ba a san Murnau da ƙyamar Yahudawa ba. Wasu masana na ganin ɓerayen da jerin gwanon akwatunan gawa sun fi nuni ga mace-macen yaƙi da murar da ta kashe miliyoyi daga 1918. Ga su, farautar da aka yi wa Knock ma tana nuna yadda firgitaccen gari ke neman wanda zai ɗora wa laifi.

Bayan 1922

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yadda farfagandar Nazi ta yi amfani da irin waɗannan hotuna a fili. Jaridar Der Stürmer, wadda Julius Streicher ya kafa a 1923, ta riƙa zana Yahudawa a matsayin masu tsotsar jinin al'umma, kuma a Mayun 1934 ta fitar da bugu na musamman a kan ƙagen jini. A 1940 fim ɗin Der ewige Jude na Fritz Hippler ya jera hotunan ɓeraye da na Yahudawan Poland. An rataye Streicher a Nuremberg a 1946, bayan kisan ƙare dangi da ya ci Yahudawa kusan miliyan 6.

Saboda haka masana da dama na raba tambayar gida biyu: niyyar waɗanda suka yi fim ɗin, wadda babu hujjar cewa ta ƙiyayya ce, da kuma kayan tsoron da suka ɗebo, waɗanda masu kallo a Jamus ta 1922 suka riga suka saba gani a jikin Bayahude.