Tsintsiya: Fim ɗin zaman lafiya da ya kai Iyan-Tama gidan yari

Tarihinmu na yau a kan Alhaji Hamisu Lamido Iyan-Tama ne, mai shirya fina-finai kuma jarumi daga Kano, wanda labarinsa ya shafe mu a nan Jos.

Tun a shekarun 1990 kamfaninsa Iyan-Tama Multimedia ya yi suna da fina-finan gyaran tarbiyya irin su Badaƙala da Ƙilu Ta Ja Bau. A 2007 ya tsaya takarar gwamnan Kano. A shekarar ce kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai, aka shiga kama 'yan fim. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, Ibro kuma a 2008. Wasu suka tattara kayansu zuwa Kaduna da Jos. Iyan-Tama bai bar Kano ba, bai kuma yi shiru ba.

Fim ɗinsa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa, labarin soyayya ne da ke jan hankali kan rikicin ƙabilanci da na addini. A watan Mayun 2008 ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma a Abuja, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai hedikwata a nan Jos take shiryawa. Dawowarsa gida ke da wuya aka kama shi.

Zargin shi ne kamfaninsa ba shi da rajista, kuma ya saki fim ɗin a Kano ba tare da an tace shi ba. Shi kuwa ya ce yana da shaidar biyan kuɗin rajista, hukumar tacewa ta tarayya ta amince da fim ɗin, sannan ya sanar cewa ba na sayarwa a Kano ba ne. A ƙarshen Disambar 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa watanni 15 da tarar naira 300,000. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Maris na 2009 ya fito bayan babbar kotu ta soke hukuncin. A lokacin ɗan garinmu Sani Mu'azu ne shugaban ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN, wadda ita ma ta kai hukumar ƙara.

Ku duba kwanan watan. An yanke hukuncin ne wata guda bayan rikicin Jos na Nuwamban 2008, muna cikin makokin ɗaruruwan rayuka. Lokacin da muka fi bukatar saƙon fim ɗin, mai shi yana kulle.

Tacewa tana da muhallinta, babu mai son a lalata masa 'ya'ya. Amma dole ta bi doka, a kuma saurari wanda ake tuhuma.

Allah Ya zaunar da Filato da Najeriya lafiya.