Hukuncin ruwan rijiyar da ke kusa da masai: tsarkinsa da lafiyarsa

Tambaya:

A gidanmu da ke cikin birnin Zariya, rijiya ba ta da nisa da masai. Ruwanta garau yake, ba wari. Shin ya halatta mu yi alwala da shi, mu kuma sha?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Na farko: A mazhabar Malikiyya, wadda ake karanta littattafanta kamar Ishmawi da Iziyya a zaurukan Zariya, ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. Saboda haka alwala da wanka da ruwan rijiyarku sun inganta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya canja saboda najasa, to ba a tsarki da shi, ba a girki da shi.

Na biyu: Ingancin alwala daban, lafiyar sha daban. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ido ba ya ganinsu, kuma ba sa canja kamannin ruwa. Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa, don haka idan zato ya rinjaya cewa ruwa na ɗauke da cuta, dole a gyara shi kafin a sha.

Masana kiwon lafiya suna son tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. Wannan yana da wuya a unguwanni irin su Kwarbai da Kaura da Limancin Kona, inda gidaje ke manne da juna, har masan maƙwabci ya fi naka kusa da rijiyarka. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, kududdufai su cika, ƙazanta ta ratsa ta shiga rijiyoyi. A shekarar 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu.

Na uku: Bincike ya nuna inda cutar ke bi. Bayan annobar kwalara ta Kano a 1995 zuwa 1996, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka kamu sun fi shan ruwan 'yan garuwa, kuma ba su cika wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ba. Wani binciken da aka yi a Karachi ta Pakistan, aka wallafa a 2005, ya nuna wanke hannu da sabulu ya rage gudawa da ciwon huhu na yara da kusan rabi, kuma sabulu na gama-gari ya yi aiki daidai da mai magani. Tsarki da ruwa yana gusar da najasa, amma sabulu ne ke raba hannu da ƙwayoyin cuta.

Na huɗu: Abin da ya kamata ku yi:

1. A tafasa ruwan sha, ko a sa masa maganin kulorin a jira minti 30, ko da na 'yan garuwa ne.
2. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga da igiyarta.
3. A rufe randa, a keɓe mata moɗa mai dogon mariƙi, kada yatsu su taɓa ruwan.
4. A ajiye sabulu kusa da masai, a wanke hannu bayan tsarki, da bayan wanke wa yaro, da kafin girki ko ci.
5. A rufe bakin masai saboda ƙudaje, kashin yara kuma a zuba shi ciki.
6. A raba butar bayan gida da kwanukan sha.

Idan gudawa mai ruwa-ruwa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sannan a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, domin kwalara tana iya kisa cikin sa'o'i.

Wanda zai haƙa sabon masai kuwa, ya fara duba inda rijiyar maƙwabcinsa take, domin wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali.

Allah ne Mafi sani.